Wanda Kurciya Ta Kira Dadi

Ranar da aka kai Kurciya ganin gidan rainon Darakta, kafin in cire takalmi Gwaggo ta riga ta gama aurar da ni a zuciyarta.

Na dawo daga shago da yamma na same ta zaune a bakin ƙofar kicin tana kuka, tana fyace hanci da gefen mayafi. Yaya yana tsaye a kanta ya harɗe hannuwa. Kurciya kuwa, 'yata mai shekara uku, tana can ƙarƙashin igiyar shanya tana lasar yatsu.

Na ce, "Wa ya mutu?"

Gwaggo ta ce, "Ba wanda ya mutu, 'yar nan. Marainiya ce ta samu uba."

Na duba tsakar gidan ban ga uba ba. Na ga dai bokiti da tsintsiya.

"Mota ya turo mana," in ji Gwaggo. "Na ce bari in kai ta ta ga wurin, tunda uwarta taurin kai ya hana ta. Muna shiga ofis ya ɗauke ta ya ɗora a cinya, ya buɗe mata biskit da hannunsa. Yarinyar nan ta ɗaga kai ta kalli tsakiyar idonsa ta ce, Dadi. Da kunnena na ji. Ta sake cewa, Dadi."

Sai kuka ya ci ƙarfinta.

Ni ban yi dariya ba. Kurciya ba mai magana ba ce, kalmominta duka ba su cika tafin hannu ba. Tana rarrafe babanta ya rasu muka dawo gidan Yaya, kuma tun daga lokacin ba ta taɓa kiran wani Baba ba, balle Dadi.

Yaya ya ce, "To kin ji. Yarinya ma ta fi ki hankali."

Darakta a shagonmu ya gan ni. Fotokwafi muke yi da buga takardu, ya kawo tallar gidan rainonsa, mai sunan da sai da na raba shi layi biyu kafin ya shiga takarda. Tun ranar yake sintiri a gidanmu da kwat a cikin zafi, yana Hausa kamar aro ya yi ta ana jiran ya mayar. Ya ce Kurciya ta shiga wurinsa kyauta har ta gama. A gidanmu kowa ya san ma'anar kyautar nan: duk ranar da na sa mata rigar makarantarsa, na ba shi amsa ke nan.

Ni kuwa amsata tana wurin Malam Alli. Shi ne mai koyar da ajin raino a firamaren ƙarshen layinmu, yara suka sa masa sunan don kullum gaban rigarsa fari fat da ƙurar alli. Ya nemi ya zo gaishe da Yaya, Yaya ya ce ya huta.

"Namiji da gemunsa yana share majinar 'ya'yan mutane," haka yake cewa. "Shi zan kira suruki?"

Yanzu ma bai bari ta wuce ba. Ya ce, "Ki ajiye maganar aure ma a gefe, mu yi maganar yarinya. Wurin Darakta mota ce za ta ɗauke ta ta dawo da ita. Sai yamma ake tashi, daidai tashinki. Ko lokacin hutu suna buɗe. Wancan ajin fa? Yara a tabarma kamar an zube gyaɗa, rana na take tsaka a koro miki ita. Wa zai riƙe ta kina shago?"

Duk abin da ya lissafa gaskiya ne. Abin haushi da Yaya ke nan, yakan yi gaskiya a inda ba a so.

Na ce, "Gobe zan je in ga wurin da idona."

Gwaggo ta share hawaye ta ce, "Ki sa mayafinki mai kyau."

*

Na sa wanda nake zuwa shago da shi.

Wurin ya yi kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Akwai ƙananan gadaje a jere da zannuwa masu tsabta, akwai famfon da hannun yaro zai kai. Na tsaya a kan gadajen nan na daɗe, ina tuna Kurciya tana barcin rana a kan kwali a bayan injin fotokwafi.

Kayan wasan kuma suna cikin kabad na gilashi, an kulle. Na tambayi wata mai raino, ta ce na ranar baƙi ne.

Darakta ya fito da kansa ya zagaya da ni. Muna shiga aji yara suka miƙe tsaye, suka ja murya tare: "Gud monin, Dadi."

Muka shiga na gaba, su ma Dadi. A baranda mai dafa abinci ta tare shi, dattijuwar da a shekaru ta haife shi ta yaye, ta rusuna ta ce, "Dadi, gas ya ƙare."

Na ce, "Ashe iyalin naka da yawa."

Ya yi murmushi ya gyara wuyan kwat. "Tsarinmu ne, Madam. Nan standad muke bi. Yaro ya ji yana gida."

"To ai a nan Kurciya ta ji ta kwaikwaya."

"A'a." Ya ɗaga yatsa. "Na san za ki ce haka. Lokacin da suka zo yaran duk suna barci, kuma kai tsaye ofis suka shigo. Ba ta ji daga bakin kowa ba. Daga zuciyarta ya fito."

Wannan ta same ni. Ban nuna ba, amma ta same ni.

Muka zauna a ofis, sanyin na'urar esi kamar ana ajiye kifi. Ya ce da zarar yaro ya shigo ƙofar nan ba ya ƙara yin Hausa sai ya fita. Ya faɗa kamar mai ba ni albishir.

Na ce, "Ita fa Hausar ma ba ta gama haɗa ta ba. In fitsari ya matse ta da wane yare za ta faɗa?"

"Za ta koya."

"Kafin ta koya fa?"

"Madam, kina da tambayoyi masu zurfi. Shi ya sa nake cewa mace irinki ba ta dace da shago ba." Ya matso da kujerarsa. "Ga ofis nan kusa da nawa. Ke ce za ki zama Momi. Ni ban matsa miki ba, yarinyar ce ta riga ta zaɓa. Za ki ce wa marainiya a'a?"

Na ce zan yi tunani. Ya ce direba ya mayar da ni, na ce ƙafata ƙalau take.

A hanya ina tafiya ina jin maganar tana bina. Ni ban yi makaranta mai nisa ba, karatuna a jikin kwalayen magani da takardun mutane na ƙarasa shi, kuma ban taɓa jin tsoron mai Turanci ba. Amma na ji tsoron wannan. In da gaske 'yata uba take nema, ta ga wanda ta ga ta kira shi, ni wace ce da zan ce ba shi ba?

Da rana Malam Alli ya shigo shago, kuma ko kallona bai yi ba.

*

Hotunan dabbobi ya kawo a yi masa kwafi, akuya da zakara da raƙumi, na yaran ajinsa. Oga, mai shagon, ya fita sayen takarda. Kurciya tana kan kwalinta, don daga wurin Darakta na biya gida na ɗauko ta, na ƙi barin ta wurin Gwaggo, kada in dawo in tarar an sa mini rana.

Na ɗora akuya a inji. Na ce, "Yau gaisuwar ma rowa ake yi?"

Ya ce, "Maman Kurciya, sallama na zo yi miki."

"Tafiya za ka yi?"

"Na ji abin da ya faru. Duk layin an ji. Gwaggonki ta faɗa wa mai kayan miya, mai kayan miya ta faɗa wa mahaifiyata."

"Sai kuma me?"

"Sai kuma na zauna na yi wa kaina adalci." Ya sunkuyar da kai. "Me zan ba ta? Ajina kin gan shi. Fankarmu ɗaya, ita ma sai ta ga dama. Yara sun fi hannuna yawa. Rana na yi in sallame su. Shi gado zai ba ta, da mota, da Turanci."

"Na gani da idona."

"To kin gani."

"Na kuma ga ajinka. Na ga ranar da wani yaro ya jiƙa wando, ka ce wa sauran ruwa ne ya zube masa, ka fita da shi ba wanda ya sani. Na ga kwanon duwatsun da kuke ƙirge da su, kowa hannunsa a ciki. In ta gama ajinka ƙofa ɗaya za ta tsallaka ta shiga aji ɗaya, da ƙawayenta, da malaman da suka san ta. Kai kana ganin ban yi tunanin komai ba sai fuskarka? Fuskar ma ba wata ta a zo a gani ba ce."

Bai yi dariya ba. Hawaye ne suka zubo masa, suka yi hanya a kan ƙurar allin da ke kumatunsa.

Ya ce, "Duk wannan zan iya jayayya a kai. Yayanki ma zan iya jure zaginsa har ya gaji. Amma ni ma maraya ne, kin sani. Na san yadda yaro yake kallon mazan mutane a hanya yana auna su. In ta buɗi baki ta kira wani uba, ba zan zama wanda ya tsaya a tsakani ba. Ba zan iya ba."

"Wato kai ka yanke, Darakta ya yanke, Yaya ya yanke, Gwaggo ta yanke. Ni ce kawai ban da wuƙa."

"Ba haka nake nufi ba."

"Haka ya fito."

Ban san lokacin da nawa idon ya cika ba. Na juya ga inji, na yi ta danna shi, akuyoyi suna ta fitowa ba wanda ya nema. Na ce masa, bayana na gare shi, "Da ka ce ka daina sona da na fi ganewa. Amma ka zo kana kuka kana miƙa ni ga wani kamar sadaka, ka kuma sa ran in gode."

Can na ji ya durƙusa wurin Kurciya. Kullum in ya zo da abin da yake kawo mata a aljihu, ranar lemo ne. Ya ɓare, ya cire mata 'ya'yan ciki ɗaya bayan ɗaya, ya sa mata a baki.

Ta tsotsa. Ta ɗaga kai ta kalli tsakiyar idonsa.

Ta ce, "Dadi."

Malam Alli ya daskare a durƙushe. Ya waiwayo ya kalle ni, fuskarsa ta haske gaba ɗaya.

Kurciya ta miƙo hannu a ƙara mata. Ta kalli sauran lemon da ke tafinsa, ta ce masa shi ma, "Dadi."

Na kashe inji. Na durƙusa na nuna mata ƙofar ɗakin ajiya na ce, "Kurciya, ce ɗaki."

"Daki."

Na ɗaga yatsa. "Ce ɗaya."

"Daya."

Na ce, "Malam, kar ka ƙara wani kukan. Lemon take nufi. Cewa take da daɗi."

Ya zauna daɓas a ƙasa. Ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa na girgiza, ban san ko dariya ce ko ragowar kukan ba.

Na ce, "Kai da kake wuni da masu irin bakin nan, kai ma ka yarda?"

"Ai ba a gabana ta faɗa ba."

"Yanzu a gabanka ta faɗa, ka kusa suma."

Ya share ido ya ce, "To yanzu ya za mu yi?"

Na ce, "Kai dai ka kwashe akuyoyinka. Saura nawa ne."

*

Da yamma na sayi biskit a hanya. Na tara Gwaggo da Yaya a tsakar gida, na ce wa Yaya ya buɗe ya ba Kurciya da hannunsa.

Ta ci, ta kalle shi, ta ce, "Dadi."

Na ba Gwaggo ita ma ta ba ta. Gwaggo ma ta zama Dadi.

Na ce, "Ga ubanni sun ƙaru. A cikinku wa zan aura?"

Yaya ya kau da kai, na ga yana danne dariya, ya mayar da ita tari. Na ɗauka magana ta ƙare. Ashe ban san Gwaggo ba, ni da ta raina tun ina goye.

Ta ce, "To ko biskit ɗin ta kira, ai shi ya saya."

Sai ta fashe da sabon kuka, wannan karon na gaske. Ta ce ita ta tsufa. Ta ce ta ga yadda na dawo gidan nan da jaririya da akwati ɗaya, ba ta so ta mutu ta bar ni a hannun wanda shi ma sai an taimake shi. Ta ce so ba ya hana yaro zazzaɓi. Ta kama hannuna ta ce, "'Yar nan, ki huta mana. Sau ɗaya a rayuwarki ki bari a ɗauke miki kaya."

Na durƙusa a gabanta. Na ce, "Gwaggo, na san don ni kike yi. Amma mutumin nan wurin da zai ajiye ni ya nuna mini, bai tambaye ni ko ina son zama ba. Ita ma Kurciya ba zan kai ta inda za a rufe mata 'yar maganar da take da ita ba. Ajin rainon firamare za ta shiga."

Yaya ya daina tari. Ya ce, "Kin gama?"

"Na gama, Yaya."

"To ki ji nawa. In kika kai ta can, ba mai ɗauko ta da rana a gidan nan. Gwaggo ba za ta taka ba, matata ba za ta taka ba. Ki san yadda za ki yi da ita da aikinki. Shi kuma mai share majinar, duk wanda ya turo mini ba zan buɗe ƙofa ba."

Na ce, "To."

"To kawai?"

"To, Yaya."

Ya fi son in yi rashin kunya ya samu abin kamawa. Ban ba shi ba.

Da safe na fara biyawa ta shago. Na ce wa Oga daga yau da rana zan riƙa fita in ɗauko 'yata, ta zauna a bayan inji har mu tashi. Ya kalle ni ta saman tabarau ya ce in ta taɓa masa waya ɗaya mu biyu za mu bar shagon. Na ce na ji. Ban san ko za ta taɓa ba. Ina kyautata zaton za ta taɓa.

Daga nan na riƙe hannunta muka gangara ƙarshen layi. Tun daga ƙofar makaranta ake jin hayaniyarsu. Ajin raino yana can gefe kusa da famfo, takalma a zube a baranda ba wanda ya san ɗan'uwansa. Kurciya ta ƙanƙame zanena. Wata yarinya mai kitso biyu ta leƙo, ta kalle ta sama da ƙasa, ta miƙo mata dutse. Kurciya ta sake ni ta karɓa.

Malam Alli ya fito da yaro ɗaya rataye a ƙafarsa.

Na ce, "Ga ta nan. In ta ce fifi, fitsari take nufi, kuma ba ta ba da dogon lokaci."

Ya ce, "Na riƙe." Ya rage murya. "Yayanki fa?"

"Ya ce ba mai ɗauko ta. Ni zan ɗauko ta."

"Maganarmu kuma?"

Yara sun cika taga suna kallonmu. Na gyara mayafi.

Na ce, "Ka turo manyanka ranar da ba makaranta."

"Ba zai buɗe musu ƙofa ba."

"Ya faɗa mini. Ka ce su taho da bencinsu, akwai inuwa a ƙofar gidan."